Datsun 240Z ɗin marigayi Baba ta kama da wuta, ta ina zan fara?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wlh tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba, na ce bari in kawo muku kukana ko Allah zai sa a dace. Waɗanda suka daɗe a nan sun san motar marigayi mahaifinmu, Datsun 240Z ƙirar 1972 mai ƙofa biyu, wadda ya saya a hannun wani Bature da zai bar Kaduna a 1979. To ranar Asabar bayan la'asar ta kama da wuta a ƙofar gida. Ta yi kusan wata bakwai a ajiye, na sa mata batir na zuba mai, ta ƙi tashi sai tari take yi, sai na cire eyakilina don in ga ko mai na zuwa, ƙanina ya sake murza makulli, kawai sai na ji fuf daga bakin kafireta ta baya, kafin in ce kwabo wuta ta cinye ɓangaren hagu na injin. Maƙwabta Allah ya saka musu da alheri, wannan ya zo da bokitin ruwan Omo, wancan da shebur na yashi daga inda ake gini, mai shagon kusa da mu ya kawo tukunyar kashe gobara mai hoda ya juye ta duka. Bai kai minti biyar ba aka kashe, kuma ba wanda ya ji ciwo alhamdulillahi.
Yanzu injin ya yi fari fat da hoda, yashi har cikin bakin kafiretocin biyu, wayoyin wajen kwayil sun narke sun manne da juna, robar man birki ta lanƙwashe, fentin bonet ya kumbura ya tashi. Ƙauri har cikin ɗaki. Bakaniken da ya zo jiya ya ce ba wani abu ba ne, a kai wajen wankin mota a fesa mata ruwa mai ƙarfi, a ɗaure wayoyi da salatif, a tsiyaya fetur a kafireta a buga kik. Zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah ta ina zan fara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ya jiƙan Alhaji. Ɗana kafin komai, ka cire kan batir ɗin nan duka biyu, ka cire makullin ka sa a aljihunka, kada ka bar shi inda wani zai ce bari ya gwada. Injin nan KADA ya juya ko da rabin zagaye ne. Duk lokacin da inji ya tsaya akwai bawul ɗin da ke buɗe, in yashi ya bi ta kafireta ya sauka manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, to yana nan zaune a bakin bawul ko ma ya riga ya faɗa kan fistin, kik ɗaya ka buga ya zama sanfefa, ya karce silinda ya cinye ringi. Wuta ba ta cika kashe irin wannan injin ba, bulok ɗin ƙarfe ne mai kauri. Gaggawar tayarwa ce take kashe shi.

Baban Khalifa:
Na gode Baba, na cire batir ɗin gaba ɗaya yanzu na shigar da shi ɗaki.

Sarkin Gudu:
Allah ya kiyaye Oga. Amma gsky ni dai a nawa ganin wannan dama ce ta zo maka. Injin da ya haura shekara hamsin kuma ga wuta ta taɓa shi, me za ka tsaya nema a jikinsa? Ka je Fanteka ko ka sa a kawo maka daga kasuwar Ladipo ta Legas, injin Toyota silinda shida ɗan Kwatano da giyarsa da kwamfutarsa, a dasa mata, ba ruwanka da kafireta ba ruwanka da kwantak, safe da yamma kik ɗaya ta tashi. Kuɗin da za ka kashe wajen neman kayan Datsun daga waje sai ya ninka.

Abu Hanif daga Amurka:
Haba ɗan uwa, ka san wace mota ake magana kuwa? Wannan ce fa motar da ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta, da wannan injin na L24 ɗin da kake cewa a jefar. Nissan ta fito da ita ƙarshen 1969, a Japan sunanta Fairlady Z, a nan Amurka Yutaka Katayama ne ya tsaya mata har ta karɓu. Kuma akwai ɗan farantin ƙarfe a ɗakin injin da aka buga lambar injin a jiki, in lambar ta zo daidai da wadda ke jikin bulok to injin da ta fito da shi daga kamfani ne, masu sayen tsofaffin motoci a nan abin da suke fara dubawa ke nan. Baban Khalifa ka goge farantin a hankali ka duba. Kayan gyaranta kuma ba su yi wahalar da ake zato ba, har yau ana yin sababbin gaskit da robobi da kayan cikin kafireta.

Baban Khalifa:
Na duba Malam Abu Hanif, lambar ta zo daidai. Sarkin Gudu na gode da shawara kuma na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma ba zan iya ba. Da wannan injin Baba yake kai mu Zariya gaida kaka ranar sallah, ni da yayata a cushe a bayan kujera inda ake sa kaya don kujera biyu ce kawai. Ko za ta shekara a ajiye da shi za ta tashi in Allah ya yarda.

Malama Ummu Sadik:
Sannu da jaje Baban Khalifa. Ni ba bakanikiya ba ce, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, amma bari in sa baki a kan hodar nan domin ita ce ba ta jira. Ka duba jikin tukunyar, in an rubuta ABC to hodar sinadarin monoammonium phosphate ce, tana narkewa ta manne a kan ƙarfe mai zafi, kuma da zarar ta sha danshi sai ta zama mai ɗan tsami ta fara cin alminiyam da tagullar waya. In BC aka rubuta yawanci bakin soda ce irin ta masu kek, ita da sauƙi. Na biyu kuma robar da ake naɗe wayoyin mota da ita, wato PVC, in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin, hayaƙin ya haɗu da danshi ya zama asid, shi ya sa za ka ga ƙarfen da wuta ba ta ma taɓa ba ya yi ja da tsatsa cikin kwana biyu uku. Ga shi damina muke ciki. Don haka maganar Baba Tsohon Bakanike ta kada a yi gaggawar tayarwa gaskiya ce, amma sharewa kam a yi gaggawarta.
A bushe za ka fara. Ka toshe bakin kafiretoci da tsumma mai tsabta, ka sa injin zuƙe ƙura da burushi mai laushi ka kwashe iyakar abin da za ka iya, kada ka hura da iska don cusa ta za ka yi cikin lunguna. Bayan nan ruwan ɗumi da bakin soda a soso, wanke ɗan wuri goge ɗan wuri, ka ɗauraye ka busar nan take. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri da takunkumi da tabarau, baƙin ƙullun da ƙonanniyar roba ke bari kada ya taɓa fatarka, kuma a hana yara zuwa wajen.

Baban Khalifa:
ABC ne a jiki Malama. Kuma wlh kamar kina wajen, notocin da ke kan murfin injin har sun fara ja.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni dai in ƙara kan ta Malama, ruwan nan mai ƙarfi na wajen wankin mota a nisance shi. Mun taɓa yi ma wata tsohuwar Peugeot haka bayan wuta, ruwan ya tura yashi da hoda cikin dalko (mai raba wa buji wuta) da altaneta da duk wani soket, wata biyu muna bin matsala ɗaya bayan ɗaya. Kuma in za ka cire buji, wato fulogi, ka fara share ramin da yake ciki tukuna, in ba haka ba kana cirewa dattin na zubawa ciki. Isansin, wato fetur ɗin da ke tanki, shi ma a zubar da shi, wata bakwai ya riga ya lalace.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Allah ya tsare. Ba don in ɗora ma kowa laifi ba, maƙwabta sun yi abin da ya dace da abin da ke hannunsu, yashi yana kashe wutar fetur ƙwarai. Ruwa ne abin tsoro, don fetur yana hawa kansa ya bi shi duk inda ya gangara. Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, in wuta ta kama inji kuma bonet a rufe yake, kada a wangale shi, iska yake jira. A kashe makulli, a ɗan ɗaga kaɗan a fesa ta tsakanin. Baban Khalifa tambayata ɗaya, lokacin da wutar ta tashi an kashe makullin nan take ko an bar shi a kunne? Domin yadda ka kwatanta ta yaɗu da sauri haka kamar akwai abin da ke ƙara mata mai.

Baban Khalifa:
Kai yallaɓai ka taɓo wajen. Ƙanina tsorata ya yi ya fito a guje ya bar makullin a kunne, ni ne na koma na kashe bayan an fara watsa yashi. Kuma shekara uku da suka wuce wani mai gyara ya cire famfon mai na asali ya sa na lantarki, wai na asalin ya gaji.

Mai Rewaya Fanteka:
To ai ka ga amsar. Famfon asali na wannan motar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ne ke motsa shi, inji ya tsaya shi ma ya tsaya. Na lantarki kuwa in an ɗaura shi kai tsaye da makulli yana nan yana ta turo fetur ko inji ya mutu, ga tiyo ya ƙone, ya zama kamar ka riƙe ma wuta buta. Kuma ina da tabbacin in ka bi wayar ba za ka samu fiyus a kanta ba, haka ake mana wannan aikin a gari, a fere waya a murɗa a naɗe. Sannan irin waɗannan kafiretocin ba sa son matsi, abin da suke buƙata bai wuce 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na psi ba, in famfon ya fi ƙarfinsu sai ya danne allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, mai ya yi ta ambaliya.
Maganar salatif kuma Oga ka manta da ita. Wayar da ta sha wuta ko ba ta narke ba robarta ta bushe, ka lanƙwasa ka ji ta yi ƙas, tagullar ciki ta yi baƙi ba ta kama dalma. Sai an warware naɗin gaba ɗaya an bi kowace waya har inda robarta ke da laushi da kalarta, a ƙara taku guda a bayan nan sannan a yanke. Sa'ar da ka yi yawancin wayarin injin ta dama ya bi, wajen batir da kik da altaneta, amma motar nan tana da mitar caji a dashbod wadda duk wutar caji ke ratsawa ta cikinta da farar waya mai kauri, in waccan ta taɓa jiki lokacin gobarar to ɓarnar na iya kaiwa har bayan dashbod. A buɗe akwatin fiyus da ke tsakiya gaban giya a duba, dama can an san shi da yin zafi har ya narke.

Tsohon Bakanike:
Rewaya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara muku dalilin da ya sa wannan injin ba ya yafe yoyon mai. Manifol na shan mai da na salansa duk a gefe ɗaya suke, hagu, har gaskit ɗaya suke rabawa. Kenan kafiretocin nan biyu a saman salansa suke zaune, abin da ya raba su faranti ne na ƙarfe mai tare zafi. Kowace kafireta kuma tana da wani ɗan guntun tiyo siriri a ƙarƙashinta da ke kai mai daga kofin fulot zuwa nozul, bai fi tsawon yatsa ba, ba a ganinsa sai an leƙa. Mun yi Datsun da yawa a zamaninmu, Laurel da 280C da su 180B, amma waɗancan kafireta ɗaya gare su, yaran yanzu ba su san wannan tiyon ba. Ɗana ka leƙa ka gaya mini me ka gani, kuma farantin yana nan ko babu.

Baban Khalifa:
Baba na leƙa da tocila. Farantin babu shi sam, sai ramukan notinsa. Tiyon kafiretar baya ya ƙone ƙurmus, na gaba kuma ya tsira rabi, kuma farin tiyo ne irin na janareta wanda ake ganin mai a ciki, an ɗaure bakinsa da wayar ƙarfe, ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gani, shekara uku ina ɗaukar yarana a kan wannan.

Tsohon Bakanike:
To Allah ne ya tsare, kuma yanzu ka san abin da ya kawo ta. Wanda bai gano mafarin wutarsa ba ya gyara mota, wata wutar ya shirya.

Sarkin Gudu:
Toh na sallama maganar canjin inji tunda abin na gado ne. Amma ko kafiretocin a sauke, a samo manifol da kafireta ɗaya ta Laurel ko ta tsohuwar Patrol mai L28 a Ƙofar Ruwa, ai suna hawa, kowane bakanike ya iya ta. Waɗannan tagwayen wa zai daidaita maka su a Kaduna?

Abu Hanif daga Amurka:
Za ta hau kam amma sai an duba ko bonet zai rufu, don waccan daga sama take shan iska, gaban Z kuma a kwance yake. Sannan ƙarfin motar zai ragu. Tagwayen nan Hitachi ne suka yi su a kan tsarin SU na Ingila, kuma wlh sun fi waccan sauƙi in ka fahimce su, fistin ɗaya ne da allura ɗaya a cikin kowace, sai ɗan mai da ake zubawa ta saman hular. Na 1972 masu zagayayyen kai su ne ma ake nema a nan. Abin dubawa shi ne ko zafi ya karkatar da su. Ka cire hular, ka wanke, ka ɗaga fistin da yatsa ka sake shi, in ya sauka sumul har ka ji ɗan ƙas a ƙasa to lafiya. Kada ka sa sanfefa a ciki kuma kada ka musanya hular gaba da ta baya, kowace da fistin ɗinta aka haɗa ta. Alminiyam sai zafi ya kai wajen digiri 660 yake narkewa, in jikinsu bai zuba ba akwai fata. Ina da ɗan uwa da zai taho gida ƙarshen wata, in ka shirya sai in haɗa maka kayan cikinsu da tiyon nozul na gaske da farantin tare zafin.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri Malam, na turo maka saƙo ta gefe.

Baban Khalifa:
Slm 'yan uwa, ga inda aka kwana bayan kwana tara. Na bi maganar Malama, kwana uku ina sharewa da yamma in na taso aiki, duk inda fenti ya tashi na kankare har ƙarfe na shafa firaima a ranar. Mun sauke kafiretoci da manifol duka biyu ba tare da an juya injin ba. Kafiretar gaba fistin ɗinta na sauka lafiya, ta baya tana ɗan maƙalewa a tsakiya amma bayan wanka da fetur ta saki. Yashin da na zazzage daga manifol ya kai cikin cokali biyu. Na ari 'yar kyamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya na zura ta ramin fulogi, silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu tsaf, ta shida ma haka, amma ta biyar ga yashi nan a kan fistin ana ganin ƙwayoyinsa suna ƙyalli, da ɗan ruwa-ruwa da tsatsa a gefe. Wani ya ce in ɗaura siririn tiyo a injin zuƙe ƙura in zuƙe ta ramin fulogi, in wanke da kananzir, ba sai an buɗe tof, wato kan injin, ba. Me kuka gani?

Ɗan Maraɗi:
Ana yi, ni na taɓa yi kuma motar ta yi shekaru. In kaɗan ne ka zuƙe ka wanke sau uku huɗu ka sake duba da kyamara. Buɗe tof ɗin tsohon inji wani lokacin tsokano tsuliyar dodo ne, noti ya karye maka a ciki ka shiga uku.

Mai Rewaya Fanteka:
Ni ma da na goyi bayan haka don aikin ya ragu, amma ruwan nan da ya ce ya gani ne ya tsaya mini a rai.

Tsohon Bakanike:
A buɗe. Ɗan Maraɗi ban ƙi taka ba, da motar haya ce da za a ci kuɗinta a sayar da na ce a zuƙe. Amma yashin da kyamara ta nuna maka shi ne wanda ke sama, wanda ya gangara tsakanin fistin da bango ya kwanta a kan ringi na farko ba tiyon da zai ciro shi, kananzir ma ƙara tura shi ƙasa zai yi. Sannan tof ɗin alminiyam ne, gefe ɗaya ya sha wuta aka watsa masa ruwan sanyi, dole a ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe a ga ko ya banƙare, robobin bawul ma na tabbata sun gasu. Gaskit ɗaya ne za ka yi asara.
Amma ka saurare ni da kyau a nan. Injin nan sarƙa ce ke juya kamshaf, kuma can ƙasa akwai abin da ke danne sarƙar da sifirin a bayansa. Kafin ka cire faifan haƙorin kamshaf sai ka fere katako mai tsawo kamar taku guda, ƙasansa siriri, ka huda samansa ka ɗaura igiya don cirowa, ka cusa shi tsakanin sarƙar ka danna har ya kama. In ka manta katakon nan abin dannewar ya fito daga raminsa, sai ka sauke lagireto da fule da murfin gaba duka kafin ka mayar. Ka yi wa sarƙa da faifan alama da fenti. Notocin tof a kwance su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan kaɗan, in ɗaya ya yi gardama a jiƙa shi a bar shi ya kwana, kada a sa masa ƙarfi. In ka ga ba za ka iya ba ka turo a ɗauke ni, ƙafa ce ba ta da ƙarfi yanzu amma ido na gani.

Baban Khalifa:
Baba ni zan zo da kaina in ɗauke ka ranar Asabar in sha Allahu.

Malama Ummu Sadik:
Kafin ku yi nisa da inji, don Allah kada a manta da birki. Robar man birki da ta lanƙwashe alama ce robobin cikin mastan birki, wato famfon da ke tura man, ma sun ji, kuma man birki yana shan danshi, wanda ya tafasa ga ruwa an watsa bai da sauran amfani.

Mai Rewaya Fanteka:
Gaskiya ne Malama, a motar da sitiyarinta ke hagu mastan birki da na kuloci da sabo (mai ƙara wa birki ƙarfi) duk a gefen wutar suke. Har robar da ke haɗa sandar sitiyari da kujerar inji ta hagu a duba su, roba ce duka.

Baban Khalifa:
Alhamdulillahi, yau sati bakwai da gobarar. Bari in ba ku labari daki daki don wanda zai shiga irin halin. Baba Tsohon Bakanike ya zo ya zauna a kujera yana nuni ana yi, da ya ga katakon da na fere ya ce ya yi kauri, da wuƙarsa ya rage shi. Da aka ɗaga tof, yashin silinda ta biyar ya fi abin da kyamara ta nuna, yana nan jere a gefen fistin kamar an zuba da gangan. Sai da muka sauke sam, wato kwanon baƙin mai na ƙasan inji, muka zaro fistin ɗin ta sama aka wanke ringi, bangon silindar ba karce ko ɗaya sai ɗan tabon tsatsa da ya fita da goge. Tof bai banƙare ba. An canza robobin bawul goma sha biyu, an wanke bututun da ke fesa wa kamshaf mai don wasu ramukansa sun toshe tun da can. Oga Rewaya ya kwana biyu a kan waya, ya sami farar wayar ta fara narkewa a bayan dashbod kamar yadda ya yi hasashe. Famfon lantarki na cire shi na mayar da irin na asali, tanki an sauke an wanke, duk tiyon mai sabo ne da kilif na gaske, farantin tare zafi ya koma wurinsa.
Jiya da safe muka turo ta fili nesa da gida. Tukunyar kashe gobara biyu, ɗaya ta iskar CO2 wadda ba ta barin hoda kamar yadda yallaɓai ɗan kwana-kwana ya ce in nema, ƙanina riƙe da ita, Oga Rewaya tsaye a kan batir da kan waya a sassauce. Mun fara juya injin da hannu da soket 27 zagaye biyu, sannan kik ba fulogi har allurar baƙin mai ta motsa, aka duba ƙarƙashin kafiretoci da farar takarda ba ɗigo. Aka ɗaura fulogogi da eyakilina, ba wanda ya tsiyaya fetur a ko'ina. Kik na farko shiru, na biyu ta yi tari, na uku ta kama amma tana rawa tana harbi ta salansa, gabana ya faɗi. Baba ko motsi bai yi ba ya ce a kashe, an juya wayar fulogi. Ashe ni ne na jera su ta hannun agogo, alhali rotan da ke cikin dalkon wannan injin baya yake juyawa. Aka sake jerawa 1-5-3-6-2-4, ana taɓa makulli ta tashi ta zauna daram. Hayaƙi ya ɗan tashi daga jikin manifol na minti kaɗan, ragowar mai da sabulu ne ke ƙonewa, muka tsaya a kansa har ya ɗauke. Hajiyarmu tana daga cikin gida ta aiko a tambaya wai motar Alhaji ce take ji, na kasa ba ɗan aiken amsa sai da na ɗan koma gefe.

Sarkin Gudu:
Allahu akbar. Wlh na ji daɗi har raina Oga, a turo mana sautin mu ji.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Barka. Tukunya ɗaya ta zauna a cikin motar inda hannu zai kai daga kujerar direba, ba can baya ƙarƙashin kaya ba, kuma a sa makashin batir.

Tsohon Bakanike:
Madalla ɗana. Baƙin man da ke ciki na wanki ne, ta yi minti talatin zuwa awa ɗaya ka zubar da shi da filta tun da zafinsa, ka tace a farin tsumma ka ga ko akwai ƙwayar yashi. In ta yi zafi ta huce sau biyu uku a sake bin notocin tof da na manifol, a sake auna bawul. Kuma ko ƙofar layi kada ta fita sai birki ya kammala.

Baban Khalifa:
In sha Allahu Baba, tana kan duwatsu ma yanzu an cire tayoyin gaba. Tiyon birki na roba duka na canza, saura masta, wanda na samu a kasuwa bakin bututunsa bai zo daidai ba. Malam Abu Hanif na jikin motar an rubuta 7/8, wato faɗin cikinsa a inci, shi zan nema ko akwai wanda ke hawa daga wata Datsun ɗin?

Abu Hanif daga Amurka:
7/8 ɗin ne nata, amma akwai bambanci tsakanin na farkon fitowa da na baya wajen wane bututu ke zuwa gaba wane ke zuwa baya, kada ka saya da ka. Ɗauko min hoton tsohon ta gefe inda haruffan F da R na gaba da baya suke, da lambar jikin motar, in duba kafin ɗan uwan nawa na biyu ya taso.